Hutun Bakin Teku Ba Ɗan Rakiya: Harajin da Mai Keken Guragu Ke Biya Kafin Ya Sha Rana

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kankama a arewacin Turai, rana ta koma faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, sai miliyoyin mutane daga Birtaniya da Jamus da Suwidin su ɗaure kaya su nufi kudu neman rana. Ga wanda ya tashi a Sakkwato ko Maraɗi, inda inuwa ce abin nema, wannan al'ada na iya zama abin dariya. Ga su kuwa, mako guda a bakin teku shi ne ladan wahalar shekara. A cikin wannan ayari akwai masu amfani da keken guragu, wasunsu ma su kaɗai suke tafiya, babu ɗan'uwa babu mai jinya.

Kafin irin wannan matafiyi ya tashi, tambayar da yake sha ita ce wa zai raka shi. Idan ya dawo lafiya kuma, sai a yaba masa da jarumta. Yabon daga kyakkyawar zuciya yake fitowa, sai dai yana binne tambayar da ta fi cancanta: me ya sa hutun mako guda zai buƙaci jarumta? Abin da ke sa tafiyar ta yiwu abu biyu ne, sahihin bayani kafin a tashi, da hanyar da ba ta yanke ba tun daga ƙofar gida har bakin ruwa. Inda aka tanadi waɗannan, tafiyarsa kamar ta kowa ce. Inda aka gaza, shi ke biyan giɓin da lokacinsa da kuɗinsa da lafiyar jikinsa, sannan a sa wa abin suna ƙarfin hali.

Garin da marasa lafiya suka buɗe wa kasuwa

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar Los Cristianos, wani gari a kudancin tsibirin Tenerife, ɗaya daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya da ke cikin Tekun Atalantika, daura da gaɓar Maroko. Har tsakiyar ƙarni na 20 ƙauyen masunta ne kawai. A ƙarshen shekarun 1950 wasu 'yan Suwidin masu fama da shan inna da ciwon gaɓoɓi da cututtukan jijiyoyi suka sauka a can, suna neman ɗumin da zai sassauta musu ciwo, domin ko a tsakiyar hunturu zafin wurin yana kai maki 20 a ma'aunin Salshiyos. Da suka ji daɗin jikinsu, labari ya koma gida, wasu suka biyo sawu, har aka gina cibiyar jinya mai suna Vintersol a shekarun 1960. Har yau akwai titi a garin mai ɗauke da sunan ƙasar Suwidin.

Wato masu keken guragu ba daga baya aka yi musu alfarmar shiga harkar yawon buɗe ido na wannan gari ba, su ne suka buɗe ta. Alamar hakan tana nan a ƙasa. Akwai shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa mai tsawon kilomitoci da ke bin gaɓar teku babu matakala. A gaɓar Las Vistas an shimfiɗa katako a kan yashi har kusa da ruwa, an yi rumfuna da banɗakuna masu faɗi, akwai kujeru masu manyan tayoyi da ke yawo a kan ruwa, da ma'aikatan da ke taimaka wa mutum ya shiga teku ya fito. A ƙasar Girka an ƙara gaba da wata na'ura mai suna SEATRAC, wadda aka ƙirƙiro a Jami'ar Patras: kujera ce a kan dogo, mai aiki da hasken rana, mutum ya hau ya danna maɓalli ta gangara da shi cikin ruwa ba tare da hannun kowa ba.

Duk da haka, ko a Los Cristianos ɗin, da mutum ya bar gaɓa ya shiga cikin gari zai tarar da tudu, domin tsibirin dutse ne. Otal ɗin da taswira ta nuna yana da tazarar mita 400 daga ruwa yana iya zama a saman hawan da hannu ba zai iya tura keke ba. Daga nan aikin shiri ke farawa.

Kalmar da ba ta da ma'auni

Wanda ke tafiya da ƙafafunsa yana iya kama ɗaki cikin minti goma, ya duba farashi da hoto ya biya. Mai keke kuwa dole ya koma mai binciken gini daga nesa. Otal-otal da yawa suna rubuta cewa ɗakinsu ya dace da naƙasassu, alhali abin da suke nufi shi ne an maƙala ƙarfen riƙewa guda a bangon banɗaki. Abin da matafiyin ke buƙata lambobi ne. Ƙofa ta kai faɗin santimita 80? Akwai fili mai faɗin santimita 150 da keke zai juya? Wurin wanka a shafe yake da ƙasa ko yana da dakali? Tsayin gado ya yi daidai da kujerar keke, yadda zai iya zamewa daga wannan zuwa wancan shi kaɗai? Gangaren ƙofar shiga, shin ya bi ƙa'idar da aka saba, ta hawan mita ɗaya a cikin tsawon mita 12, ko kuwa wani tudun siminti ne aka dafa don cika sharaɗi?

Saboda haka gogaggun matafiya ba sa yarda da siffantawa. Sukan nemi a auna da awo a turo hoto, a kuma tabbatar a rubuce cewa ɗakin nan takamaimai aka ajiye musu, tunda gani ya kori ji. Haka za su yi da motar da za ta ɗauke su daga filin jirgi, da shagon gyaran keke mafi kusa, da inshorar da ta haɗa da keken kansa. Wannan aiki yana cin makonni, kuma babu mai biyansu ladansa. Shi ne harajin farko, kuma shi ne ya fi sauƙin sokewa, domin buga ma'aunin ɗaki a shafin intanet ba ya buƙatar bulo ko guda.

Inda ake raba mutum da ƙafafunsa

Mafi haɗarin zangon tafiyar shi ne jirgin sama. A mota da jirgin ƙasa mutum yana iya zama a kan kekensa. A jirgin sama kuwa, a bakin ƙofa ake karɓe shi a jefa cikin kaya, a ɗora mai shi a wata siririyar kujera a tura shi mazauninsa. Daga wannan lokaci har sauka, motsinsa yana hannun wasu.

Dokoki suna nan. A Tarayyar Turai, doka mai lamba 1107 ta 2006 ta wajabta wa filayen jirgi taimaka wa fasinja naƙasasshe kyauta, ta kuma wajabta wa kamfani ɗaukar kayan motsinsa guda biyu ba tare da ƙarin kuɗi ba, muddin ya sanar sa'o'i 48 kafin tashi. Kamfanoni suna da alamomin da ke bambanta wanda ke iya hawa matakala da wanda sai an kai shi har kujera, kuma kuskuren harafi ɗaya a wajen yin rajista yana iya sa a turo taimakon da bai dace ba. Mai keken lantarki yana da ƙarin sharaɗi, domin batirin litiyom da ake cirewa ba a yarda ya wuce ƙarfin wat-awa 300 ba, kuma a cikin jirgi ake shiga da shi.

Sai dai doka daban, aiki daban. Alƙaluman Ma'aikatar Sufuri ta Amurka sun nuna cewa a 2023 kaɗai kamfanonin jiragen ƙasar sun lalata, ko sun ɓatar, ko sun jinkirta kekuna fiye da 11,000. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 tana lissafa keke a matsayin kaya, kuma iyakar diyyar kaya kimanin dala 2,000 ce, alhali keken lantarkin da aka ƙera daidai jikin mai shi yana ninka wannan sau da yawa. Frank Gardner, wakilin BBC kan harkokin tsaro wanda ke amfani da keke tun da aka harbe shi a Riyad a 2004, ya yi zaman jira na minti 100 a cikin jirgin da kowa ya fice a filin Heathrow a 2018, saboda ba a kawo masa kekensa bakin ƙofa ba. A 2024 kuma sai da ya ja jiki a ƙasa zuwa banɗaki a jirgin da ya taso daga Warso, domin babu kujerar tura fasinja a ciki. Idan haka ta sami sanannen ɗan jarida, ana iya ƙiyasta halin wanda ba shi da inda zai kai kuka.

Daga Birtaniya zuwa Tenerife tafiyar sa'o'i huɗu da 'yan kai ce, galibi a ƙananan jirage masu layi guda, waɗanda banɗakinsu ba ya shiguwa ga mai keke. Shi ya sa da yawa suke ƙaurace wa ruwa da abinci tun kafin su bar gida. Amurka ta yi doka a 2023 da za ta tilasta faɗaɗa banɗaki a sababbin jirage irin waɗannan, amma sai a shekarun 2030 za ta fara cizo.

Ita kanta ranar da aka je nema tana da nata sharaɗi. Wanda ya sami rauni a laka, musamman ta sama, jikinsa ba ya yin gumi yadda ya kamata a ƙasan wurin raunin, don haka zafi kan taru masa da sauri. Fatar da ba ta ji kuma tana iya ƙonewa a kan ƙarfen keke ko yashi mai zafi, mai ita bai sani ba sai ya gani da ido. Rumfar da ke bakin gaɓa, a wurinsa, tana cikin kayan kiyaye lafiya.

Hujjojin masu cewa a haƙura

Akwai masu cewa duk wannan wahala ɗan rakiya guda zai ɗauke ta, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maganar tana da gaskiya a wani fanni. Akwai waɗanda lalurarsu ba ta barin su kwana ko tashi sai da mataimaki, kuma kamfanin jirgi yana da hurumin neman a zo da abokin tafiya idan fasinja ba zai iya ɗaura bel ko sa rigar ceto da kansa ba. Amma mai keke da ke tuƙa motarsa, yana zuwa ofis, yana riƙe da gidansa, idan aka ce sai da rakiya, an ninka masa kuɗin tikiti da na ɗaki, an ɗaure hutunsa da lokacin wani, an kuma hana shi abin da mutane da yawa ke tafiya dominsa, wato kaɗaici da sararin yin abin da ransa ke so. Bahaushen da ya yi maganar jinka shi ne kuma ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ban da haka, ɗan rakiya yana rufa wa gini asiri. Muddin akwai mai ciccibar keke a kan matakala uku, mai otal ba zai taɓa jin cewa matakalar matsala ce ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: a duniyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 80 na buƙatar keken guragu, kuma da yawansu ba su da shi, maganar bakin teku ba ta zama almubazzaranci ba? Amsar ita ce kayan aikin iri ɗaya ne. Gangaren da ke kai mutum otal irinsa ne ke kai shi asibiti da kotu da ajin makaranta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006 ta ware sashe na 30 ga hutu da nishaɗi da yawon buɗe ido, domin waɗanda suka tsara ta sun fahimci cewa al'ummar da ke ganin naƙasasshe a matsayin majinyaci ko mabaraci kawai ba za ta taɓa yi masa gini a matsayin abokin ciniki ba.

Wannan batu bai tsaya a Turai ba. Arewacin Najeriya na cikin yankunan da shan inna ya fi daɗewa, har zuwa 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, kuma yaran da ta taɓa a shekarun baya yanzu manya ne, cikinsu akwai malamai da 'yan kasuwa da ma'aikata masu albashi da hutun shekara. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. A Maris na 2024 hukumar kula da filayen jiragen sama ta rufe wani gidan abinci a filin jirgin Legas bayan an hana wani mai keke shiga. Ga matafiyin da zai tashi daga Kano ko Abuja, sau da yawa zangon da ya fi wuya shi ne na farko, tsakanin gidansa da ƙofar jirgi.

Ma'aunin da ya kamata mai otal da mai zanen gini da jami'in filin jirgi su riƙe mai sauƙi ne: shin mutum a kan keke, shi kaɗai, da jakarsa a cinya, zai iya shiga ya biya buƙatarsa ya fita ba tare da ya roƙi kowa ba? Masuntan Los Cristianos sun karɓi baƙin da suka zo musu a kan kekuna, garinsu kuma ya ci moriyar hakan fiye da shekara 60. Mai otal a Kano ko Yamai da zai ɗauki awo ya auna ƙofofinsa, ya buga lambobin inda kowa zai gani, ya gyara matakalar bakin ƙofa, ya riga ya sauke wa wani baƙo rabin harajinsa tun kafin ya baro gida.