Landan Ba Ta Kewar Kowa

Da zarar jami'o'in Birtaniya sun tafi hutu a tsakiyar Disamba, sai ka ga wasunmu sun ɗaure jaka. Daga Manchester, daga Leeds, daga Glasgow, kowa Landan ya nufa. A tsaya ƙarƙashin fitilun Oxford Street, a biya kuɗin shiga Winter Wonderland a Hyde Park, a ɗauki hoto cikin jibgegiyar rigar sanyi, a watsa a Instagram. Kuɗin aikin dare na wata guda ya tafi cikin kwana uku, a dawo da mura. 'Yan gida kuma, da suka ga hotunan, su ɗauka fam muke shara da tsintsiya.

Ba tafiyar muke ƙi ba. Jikokin fataken da suka taka daga Kano zuwa Gwanja neman goro ba za a koya musu zaman ɗaki ba. Inda ake dosa ne abin takaici.

Tun Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana yawancin masu zuwa digiri na biyu tahowa da iyalansu. Wato wanda ya sauka a watan Satumba ya baro mata da 'ya'ya a Zariya ko Damagaram, kuma wannan ne hunturunsa na farko. Ku duba halinsa a Aberdeen. Rana ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, kafin uku da rabi ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk cikin awa huɗu yake sallatarsu. Turawan da ke ɗakunan kusa da shi sun tafi gidajen iyayensu, ginin ya yi tsit kamar an yi sharar mutane. Ranar 25 ga wata babu jirgin ƙasa ko ɗaya da ke motsi a ƙasar, manyan kantuna a rufe. Ranar 26 ma jiragen ba su taka kara sun karya ba. Yana zaune da wayarsa, yana kallon hotunanmu na Landan, yana danna mana alamar so.

Za a ce ai bai gayyaci kowa ba. Yaushe Bahaushe ya taɓa buɗe baki ya ce kaɗaici na cinsa? Ka kira shi sau goma, "lafiya lau, alhamdu lillahi" za ka ji. Shi ya sa magabata suka ce zumunci a ƙafa yake, ba su ce a waya ba.

Za a ce tikiti da tsada, hanya da nisa. Aberdeen kam da nisa, awa bakwai ne a jirgi daga King's Cross. Amma Leeds zuwa Hull awa ɗaya ce, kuma namu suna can, suna Sunderland, suna Middlesbrough. Katin rangwamen ɗalibai yana zabtare kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi. Motocin National Express na bin wasu hanyoyin har ranar Kirsimeti. Wanda ya iya biyan kwana biyu a otal ɗin Landan a ƙarshen shekara, don Allah kada ya kawo mana zancen tsada.

Sai dai a je da hankali. Ɗaki ɗaya gare shi, kuɗin ɗumama shi kuma ba wasa ba ne, saboda haka ba a faɗo masa mutum biyar babu sanarwa. A kira, a tsayar da rana, a biya shagon kayan Afirka a riƙo gari, kuka da daddawa, a tuƙa tuwon tare. A kuma duba jadawali tun da wuri, domin a wannan makon ne ake rufe layuka don gyara. Jiragen jajibirin Kirsimeti da wuri suke ƙarewa, wanda ya rasa na ƙarshe, a yawancin layuka sai 27 ga wata.