Wa Zai Auna Raunin Ma'aikaci?

A jihar Kalifoniya ta Amurka, likitan da zai raba gardama kan raunin da aka ji a bakin aiki sai ya ci jarrabawar hukuma, ya koyi rubuta rahoto. In an yi saɓani, hukumar ce ke fitar da sunayen likitoci uku a ɗauki ɗaya. Tsarin ya burge ni. Ɗinke hannun da inji ya datse wa yatsu biyu daban, faɗin kashi nawa na ƙarfinsa ya tafi daban, kuma a kan wannan adadin ake lissafa diyya. Dokar diyyar ma'aikata da Najeriya ke aiki da ita ta 2010 ce. Ya kamata NSITF, hukumar da ke aiwatar da dokar, ta tanadi irin waɗannan likitoci, kada leburan rukunin masana'antu na Sharaɗa ya dogara da takardar asibitin kamfaninsa kaɗai.