Ɗakin gyara ba rumbun ajiya ba ne

A birorin gwamnati, da lakwal-lakwal, da shagunan buga takardu na Maraɗi da Damagaram, ma'aikata da dama sun san wani ɗan galgaɗi da ke fitowa a ƙasan fuskar ordinater yana cewa «Espace disque faible», wato wuri ya kusa ƙarewa. In an duba, sai a tarar ba babban faifai ne ya cika ba, wani ɗan sashe ne, sau da yawa mai harafin D, ya yi ja wur. Daga nan wani ya yi ko oho, wani kuma ya share duk abin da ke ciki domin ya huta. Na biyun nan ya fi na farko ɓarna.

Wannan sashe shi ne Faransawa ke kira «partition de récupération». Ɗakin gyara ne da aka keɓe cikin faifan, inda Windows ke ajiye kayan da zai tada kansa da su ranar da ya ƙi tashi. Wanda Windows ke yanka wa kansa ƙarami ne, galibi bai kai jiga 1 ba. Wanda kampanoni kamar HP ke sakawa a tsofaffin injuna yakan kai jiga 10 ko fiye, domin a cikinsa ne aka zuba Windows ɗin masana'anta baki ɗaya. Tun ranar da aka ƙera injin a cike yake, haka aka so shi.

Masifar tana farawa ne lokacin da mai inji ya yi niyyar alheri. Windows 7 ya tambaye shi inda zai riƙa ajiye kofen takardunsa, ya ga D a gabansa, ya zaɓa. Mako ɗaya, mako biyu, ɗakin ya toshe, ajiyar ta tsaya ba tare da ya sani ba. Ko da ma wurin ya isa, aikin banza ne, domin C da D faifai guda ne aka raba da katanga. Ranar da zafin bazara, ko ƙurar hunturu, ko ɗaukewar kuran ba zato ta kashe faifan, tare za su tafi. Wanda ya zuba iri da cimaka a rumbu ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi.

Ba kullum ne laifin yake ga mai inji ba. A 2018 wani sabon zubin Windows 10 ya liƙa wa ɗakin gyara harafi a injuna masu yawa, galgaɗin ya dinga fitowa. Maganinsa cire harafin kawai. A Janairun 2024 kuma wani gyaran tsaro na Microsoft ya ƙi shiga injunan da ɗakinsu ba shi da mega 250 a fili, har kampanin ya umurci mutane su faɗaɗa shi. Aikin faɗaɗawar na masani ne, kuma ba a fara shi sai an kwashe takardu waje.

Mai hankali zai fara da sauya wurin ajiya zuwa faifan waje, sa'an nan ya kwashe daga D abin da ya tabbata shi ya zuba, ya bar sauran yadda ya tarar. Bayan haka ya nemi kile USB mai jiga 16 ko fiye, wadda babu kome a cikinta domin za a share ta, ya yi abin da ake kira «lecteur de récupération», ya rubuta sunan injin a jikinta, ya kulle a durowa.

Game da takardun kansu, masana na bin ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh na Amurka ya yaɗa: kofe 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Wurin dabam ɗin nan ne ake rainawa, alhali Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ambaliyar 2024 kuwa ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa a jihar Maraɗi. Gidan ɗan'uwa a wata unguwa ya wadatar. Mai halin sayen intanet yana iya amfani da jiga 15 da Google ke bayarwa kyauta, sai dai takardun sirri na ma'aikata ba a kai su can sai da izinin shugaba.

Faifan waje kuma a cire shi da an gama aiki, domin birus mai kulle takardu ya nemi fansa, irin WannaCry na 2017, yakan bi duk abin da ke jone da injin. Kuma lokaci-lokaci a ɗauki faifan a kai shi ga wani inji, a buɗe takarda biyu ko uku, a ga ko suna karantuwa.