Kwangilar gini a Nijar: doka na tare da mai takarda a hannu

Duk wanda ya zaga sabbin unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai ga gidajen da gininsu ya tsaya a daidai tagogi, ƙarafuna a tsaye suna tsatsa, da azuzuwan makaranta da aka ja musu bango aka bar su babu rufi. Jama'a ba sa jinkirin yanke hukunci: ɗan kwangila ya ci kuɗi ya gudu. Wani lokaci hakan gaskiya ne. Amma sau da yawa labarin ya fi haka tsawo, domin ɗan kwangila, musamman ƙarami, yana tsakanin ɓangarori uku ne: gwamnati mai jinkirin biya, masu gidajen da ke ba da aiki da fatar baki, da ma'aikatan da doka ta ɗora masa nauyinsu. A duk wuraren uku doka ta yi tanadi, sai dai kusan kowane tanadi yana neman shaida a rubuce.

Aikin gwamnati: tara a kan jinkiri, haƙuri a kan bashi

Kafin kamfani ya nemi aikin gwamnati sai ya yi rajistar kasuwanci ta RCCM, ya samu lambar haraji ta NIF, da takardar amincewa ta aikin gini, da shaidar cewa hukumar haraji da asusun CNSS ba sa bin sa bashi. Dokar ba da kwangilolin gwamnati, wadda aka sabunta a 2022 bisa ƙa'idojin UEMOA, ta ƙara wasu sharuɗɗa bayan an ci aikin. Ɗan kwangila zai kawo lamunin banki na kammala aiki, wanda kan kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin kwangilar. In ya karɓi kafin alƙalami, shi ma sai da lamuni. Ana kuma iya riƙe wani kashi 5 cikin 100 har sai an karɓi ginin karɓa ta ƙarshe, galibi shekara guda bayan karɓar farko. A aikin miliyan 20 na sefa, miliyan 1 ke nan da zai zauna a hannun mai aiki tsawon shekara, ga kuɗin da banki ke caji a kan lamuni.

In ɗan kwangila ya wuce wa'adi, ana yanke masa tara a kan kowace rana, kuma cire ta ba wuya tunda kuɗin na hannun gwamnati. In gwamnati ce ta yi jinkirin biya, doka ta ba shi damar neman kuɗin jinkiri, amma sai ya rubuta ya nema, kuma da yawa na tsoron kada hakan ya rufe musu ƙofar aiki na gaba. Koke-koken bashi ba sabon abu ba ne: an ji su bayan ayyukan bukin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jaha jaha, daga Dosso Sogha a 2014 da Maradi Kolliya a 2015 zuwa Tahoua Sakola a 2017 da Zinder Saboua a 2018.

Babbar matsalar tana cikin dokar karɓo bashi ta OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da ke aiki da dokokin kasuwanci iri ɗaya, wadda Nijar ke cikinta. Aya ta 30 ta wannan doka ta hana a kama dukiyar gwamnati, ko ta ƙaramar hukuma, ko ta ma'aikatar gwamnati don biyan bashi. Ma'ana ɗan kwangila zai iya cin shari'a, hukunci na hannunsa, amma ba ya iya sa a riƙe asusun ma'aikatar magajin gari, alhali shi bankinsa da masu sayar masa da siminti suna iya sa a kama motarsa da kayan aikinsa.

Gyaran da aka yi wa dokar a watan Oktoba 2023, wanda ya fara aiki ranar 16 ga Fabrairu 2024, ya ɗan buɗe ƙofa. Wanda ke da hukuncin kotu ko takardar amincewa da bashi zai aika da takardar gargaɗi, in aka yi wata uku ba a biya ba, yana iya neman a shigar da bashin cikin kasafin kuɗin hukumar a matsayin kuɗin da dole a biya. Wannan ma a kan takarda ya tsaya. Wanda ya fara aiki saboda wani shugaba ya ce masa "fara, takardu na tafe" ba shi da abin nunawa. Haɗarin ya fito fili a watan Afrilu 2024 lokacin da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi: bashin da ke rubuce yana nan a kan hukumar ko wa ke shugabanci, alƙawarin baki kuwa ya tafi da wanda ya yi shi.

A wajen rabon kwangila, wanda yake ganin an zalunce shi zai fara kai kuka wurin ma'aikatar da ta ba da aikin, sannan kwamitin warware rigingimu na hukumar ARCOP, wadda ta gaji ARMP. Wa'adin kwanaki kaɗan ne, wanda ya makara ya rasa. Ta ɗaya gefen, ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin jama'a bai yi aiki ba yana iya fuskantar dakatarwa daga neman kwangila, ga kuma hukumar COLDEFF da aka kafa a watan Satumba 2023 don ƙwato dukiyar ƙasa.

Farashi ya motsa, wa zai ɗauki asara?

Shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda farashi ke iya rusa lissafi. Takunkumin CEDEAO na 30 ga Yuli 2023, wanda aka ɗage ranar 24 ga Fabrairu 2024, da rufe iyakar Benin, sun karkatar da kaya zuwa hanyar Lome ta Burkina Faso, mai nisa da tsada. Wanda ya sa hannu a kan farashi tsayayye kafin wannan lokaci shi ya ɗauki ƙarin kuɗin ƙarfe da sauran kayan da ake shigowa da su. Daga baya, bayan ambaliyar damanar 2024 wadda har ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, gwamnati ta karya farashin siminti a watan Oktoba, tan ɗaya ya koma jika 55 a Yamai. A nan kuma masu gidaje ne ke da dalilin tambaya ko lissafin da aka ba su a da yana nan daram. Yarjejeniyar da ta faɗi yadda za a yi in farashi ya hau ko ya sauka ita ke raba wannan gardama tun kafin ta taso.

Gidan ɗan ci-rani

Yawancin ƙananan 'yan kwangila ba da gwamnati suke aiki ba. Abokan cinikinsu 'yan kasuwa ne, ma'aikata, da 'yan ci-rani da ke aiko da kuɗi daga Libiya, Aljeriya, Abijan, Akara, Saudiyya ko Turai. Ciniki kan ƙare a waya, kuɗi su bi ta hannun ƙane ko kawu, kowa ya dogara ga amana. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa tana da ayoyi a kan wannan, kuma ba kowa ya san su ba.

Aya ta 1793 ta ce wanda ya karɓi gini a kan dunƙulallen farashi bisa zanen da aka amince da shi ba zai nemi ƙari ba don kaya ko leburori sun yi tsada, ko don an sauya zane, sai in mai gida ya amince da sauyin a rubuce an kuma tsaida kuɗinsa. Saboda haka in mai gida ya bugo waya ya ce a ƙara ɗaki, aka ƙara, daga baya ya musa, ɗan kwangila ne a ƙasa. Aya ta 1788 ta ce in ɗan kwangila ne ya kawo kayan gini, ginin ya lalace kafin a miƙa shi, asarar tasa ce. Aya ta 1792 kuwa ta ɗora masa alhaki, tare da mai zanen gini, na shekara 10 in ginin ya rushe saboda aibin aiki, kai ko da saboda aibin ƙasar wurin ne. Wanda ya yarda ya yi gini a hanyar ruwa, ko ya rage ƙarfe don mai gida ya matsa a yi araha, yana iya samun kansa a kotu bayan shekaru.

Dokar ta kuma kare shi. Aya ta 1794 ta yarda mai gida ya soke aikin duk lokacin da ya ga dama, amma sai ya biya abin da aka kashe, da aikin da aka yi, da ribar da ɗan kwangila zai samu. Dokar OHADA ta tanadi hanyar gaggawa ta neman alƙali ya ba da umarnin biya, in bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacinsa ya yi. Wanda ake bi yana da kwana 10 ya ƙalubalanci umarnin, maimakon 15 na da. Ba tare da yarjejeniya ko rasit ba, wannan hanya a rufe take.

Rashin takarda ne ke sa rigingimu da yawa su ƙare a ofishin 'yan sanda ko jandarma da sunan cin amana. Akwai bambanci a doka. Wanda aka ba kuɗin siminti ya sayi mota ya aikata laifi. Wanda ya yi jinkiri, ko aka saɓa da shi a kan lissafi, maganarsa ta kotun farar hula ce ko ta kasuwanci. In babu rubutu, raba biyun kan yi wuya, kuma mai gaskiya na iya kwana a tsare. Haka nan fili: in aka sayar da shi ga mutum biyu, ko babu izinin gini daga ma'aikatar magajin gari, aiki kan tsaya kuɗin ɗan kwangila na binne a ƙasa.

Leburori da magina

Dokar aiki ta 2012 ba ta cire wuraren gini ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30.047 zuwa 42.000 na sefa, kuma ma'aikaci na da haƙƙin a yi masa rajista a CNSS, asusun da ke ɗaukar nauyin haɗari a wurin aiki. Lebura ya faɗo daga bene ba shi da rajista, ɗan kwangila ne zai amsa. Aya ta 1797 ta sa shi amsa laifin mutanen da ya sa aiki, aya ta 1798 kuma ta ba magina da kafintoci damar bin mai gida kai tsaye, gwargwadon abin da ya rage bai biya ɗan kwangila ba. Mai gidan da ke waje yana da dalilin tambaya ko an sallami ma'aikata kafin ya aiko da cikon kuɗi.

Abin da ke hannun kowa

Kotun kasuwanci ta Yamai na aiki tun 2016, akwai kuma cibiyar sasanci ta CMAN ƙarƙashin majalisar 'yan kasuwa, amma shari'a na cin kuɗi da lokaci. Abin da ya fi araha shi ne yarjejeniya ko da shafi biyu ce, mai ɗauke da zane, lissafin kaya, wa'adi, da biya mataki mataki: harsashi, bango, rufi, kammalawa. Kowane sauyi a rubuta shi, kowane kuɗi a karɓi rasit, ranar miƙa gini a sa hannu, domin daga nan ake lissafin shekara 10. Ɗan ci-rani ya naɗa wakili ɗaya da takarda, ya ga takardar fili kafin buhun siminti na farko.

Nauyin da ya rage na gwamnati ne. Muddin tana yanke tara a kan jinkirin kwana guda, ita kuma bashinta na kwana watanni, ƙananan kamfanoni za su ci gaba da durƙushewa, aikin ya koma hannun masu jarin da za su iya jira. Matasan da suka fito daga makarantun koyon gini suna buɗe kamfani su ne farkon waɗanda wannan ke kayarwa.