Filin Masu Mota: Tsohuwar BMW da Zafin Inji

A wannan wata za mu duba matsalar da ta cinye kuɗin samarinmu da dama a zango, wato zafin inji a tsohuwar BMW 325i, ƙirar E36, wadda aka fara fitarwa a Jamus a 1990. Tana shigowa ta tashoshin jirgin ruwa na Kwatano da Lome da Tema, kuma da yake ta tsufa, mai ƙaramin ƙarfi ma yana iya kai hannu. Injinta mai silinda 6 ne, lita 2.5, ƙarfin doki 192. Gudu kam ba a magana. Lagonta yana wajen ruwa.

Gangar injin ta baƙin ƙarfe ce, amma kansa na alminiyam ne. In ya yi zafi ƙwarai, ko da sau ɗaya, kan yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, gasket ya ƙone, mai da ruwa su gauraya. Kuɗin wannan gyara ya ninka na duk kayan da za mu lissafa a nan.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yawan robar da masu ƙirar suka sa a hanyar ruwa. Wuyan lagireto roba ne, tankin ruwa roba ne, gidan tamostat a yawancinsu roba ne, har farfelar da ke cikin famfon ruwa ta asali ma roba ce. Bayan shekara talatin tana shan zafi, robar ta bushe, sai ta tsage ba sallama. Ta famfon ta fi haɗari, domin tana iya karyewa a ciki, bel yana juyawa, ba ɗigo a ƙasa, alhali ruwa ya daina zagayawa. Shawararmu ga wanda ya sayi motar nan: kafin ya sayi rediyo ko sababbin tayu na ƙawa, ya sa famfo mai farfelar ƙarfe da gidan tamostat na alminiyam, ya sake tiyo duka. Lagireto na alminiyam zalla yana da kyau ga mai hali, amma sabo na asali ma ya wadatar.

To, sai batun da muka saba da wasu makanikai a kansa. Da mota ta iso, sai su cire tamostat su yar, wai na ƙasar sanyi ne. Ba mu yarda ba. A wannan inji, in tamostat ya buɗe, shi ne kuma yake toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. In babu shi, wani ruwan zai riƙa kewayawa bai shiga lagireto ba. Da safe kuma inji ba ya ɗumi da wuri, sai kwamfutar motar ta ƙara masa fetur, aljihu ya ji a jikinsa.

Kamar yadda muke koya wa yara a darasin kimiyya, ruwa yana tafasa a digiri 100, amma in an matse shi da ƙarin ba 1, sai ya kai wajen 120. Aikin murfin tanki ke nan. Murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka ciro daga wata mota, yana sa ruwa ya tafasa da wuri. A duba lambar da ke kan na asali, a sayi irinsa. Kada a kuskura a buɗe shi inji na da zafi.

Ruwan rijiya yana barin farin gishiri a cikin lagireto, yana kuma cin alminiyam. A haɗa kulant rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir rabi, ba asid ba, a sake duk shekara 2. Wajen zubawa a kunna hita har ƙarshe, a sassauta ɗan sukurun da ke kusa da bakin tanki har iska ta gama fita.

Lokacin hunturu ƙura tana toshe fuskar lagireto, sai a wanke ta da ruwa a hankali daga baya zuwa gaba. In mota tana zafi a cunkoson kasuwa amma ta huce a kan babbar hanya, a fara binciken kulocin fanka da fankar lantarki da ke gaba. In kuwa allura ta shiga ja, a kauce gefen hanya a kashe inji nan take, ko da gida saura kilomita 1.