Saƙon kowa da kowa, ko na mutum ɗaya?

Wata muhawara ce ke tsakaninmu matasan kasuwar Jimeta: a riƙa tura wa abokan ciniki saƙo guda a dunƙule, ko a bi su ɗaya bayan ɗaya? Ni dai a ganina kowanne da muhallinsa.

Saƙon gama-gari na sanar da farashi ne. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon kaya ya tashi, farashin shinkafa da sukari ya ƙi zama wuri ɗaya. A shagon mahaifina ba ma iya kiran kowa kullum. Sai dai mai karatu ya sani, jerin tura-wa-kowa na WhatsApp mutum 256 kawai yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai same shi ba. Imel kuwa, galibi ofisoshi da makarantu ke nemansa, saboda takardar shaidar ciniki.

Amma fa kasuwarmu a kan bashi take tafiya. Wanda ke ɗaukar kaya zuwa Mubi ko Ganye ko Garwa ta Kamaru, sai ya sayar ya biya, ba a tuna masa bashi da saƙon jama'a. Ka kira shi, in Bafulatani ne ka fara da "Jam na?", ka tambayi iyali, sannan ka gangaro kan kuɗi. Dattijon da ya shekara 20 yana ciniki da mahaifinka, in ka haɗa shi da mutum 200 a saƙo ɗaya, raini zai ɗauka, gobe sai ka gan shi a shagon maƙwabci.

Don haka farashi a faɗa wa kowa, amma bashi da barka da ta'aziyya a sami mutum shi kaɗai. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, amin.