Lafiyar Jiki: Motsin Katako

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu ne samari ke da lokacin kokowa da wasannin ƙarfi. Tun 1975, da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maradi ya yi nasara, yaran karkara da yawa ke mafarkin takobi. Shi ya sa filin wannan wata ya kawo wani motsi mai ƙara ƙarfin kafaɗa. Ba ya bukatar kuɗi ko ƙarfe. Tabarma da ƙasa mai daidai sun isa.

Kowa ya san pompi, wanda sojoji da ƴan lakkol ke yi. Mutum ya kifa, ya dafa ƙasa, ya sauka, ya taso. Wannan ɗan'uwansa ne, amma ya fi shi wuya. Asalinsa daga ƴan wasan jimnastik ne. Suna da wani motsi da ake ce ma palanshi, wato katako da Faransanci. Gwani yana ɗaga jikinsa duka bisa hannu biyu, a miƙe kamar katako, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Na yau kwaikwayonsa ne, don yatsun ƙafa suna nan a ƙasa.

Ga yadda ake yi:

1. A fara ɗumama wuyan hannu. A jujjuya shi, a lanƙwasa gaba da baya, kamar minti 3.

2. A kifa. Tafin hannu ba ya zama ƙarƙashin kafaɗa. Yana komawa baya, wajen ƙugu. Yatsu su dubi gefe.

3. A miƙe hannu, a tura jiki gaba da yatsun ƙafa, har kafaɗa ta wuce wuyan hannu.

4. A tura ƙasa da ƙarfi, allunan kafaɗa su buɗe. Kada kafaɗa ta hau wajen kunne.

5. A ɗaure ciki, a matse ɗuwawu. Daga kai har diddige jiki ya zama sanda ɗaya.

6. A sauka a hankali ana shaƙar iska. Gwiwar hannu ta bi haƙarƙari, kada ta buɗe kamar fiffike.

7. A taso ana fitar da iska. Kafaɗa ta tsaya a gaba har hannu ya miƙe.

Mi ya sa yake da wuya? Mai jan ruwa ya san amsar. Cikakkar guga a jikin cinya ba ta da nauyi sosai. In an miƙa hannu da ita nesa da jiki, sai kafaɗa ta ɗauki wuta. Haka nan yake. In kafaɗa ta wuce hannu, nauyi yana barin ƙafafu, ya koma kan gaban kafaɗa da wuyan hannu.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Na farko, ɗaga ɗuwawu sama don a rage nauyi. Na biyu, sakin ciki har tsakiyar baya ta lotsa, abin da ke kawo ciwon baya. Na uku, komawa baya lokacin tasowa. Mai yin haka pompi na kullum yake yi, yana ruɗin kansa. Maganinsa, a ja layi a ƙasa daidai inda haɓa take. Aboki ya tsuguna a gefe, ya duba kada haɓa ta koma bayan layin.

Wanda bai iya pompi na kullum 15 masu kyau a jere ba, ya dakata tukuna. Sabon shiga ya fara da tsayawa kawai, a karkace gaba kaɗan, ya ƙirga 10, ya huta. In ya saba, ya yi 5, ya huta minti 2, ya maimaita sau 3. Kwana 2 ko 3 a mako sun isa, da ranar hutu a tsakani. Biyar masu kyau sun fi ashirin na gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.

A yi hattara. Gajiyar nama daban, zafin gaɓa daban. In wuyan hannu, gwiwar hannu ko kafaɗa ta soke shi kamar ƙaya, ya bari nan take. In wurin ya kumbura, ko ciwon ya ƙi tafiya bayan ƴan kwanaki, ya je wurin likita. Wanda ya taɓa karaya ko gocewar kafaɗa, ya tambayi likita kafin ya fara. Hannun nan shi ke riƙe hauya, shi ke shayar da dabbobi. Saurayin da ya ɓata shi don burga cikin rani, gidansu ne zai ji jiki in damina ta sauka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.